Karanta Tsoffin Takardun Gida Domin Sanin Asali: Jagora ga Mutanen Zangon Kwatano

  

A gidaje da yawa na Zango da Misebo akwai gafaka ko tsohuwar adaka da ba a cika buɗewa ba sai ranar rabon gado. A cikinta ake samun Alƙur'ani rubutun hannu, da wasiƙu, da 'yan takardun bashi, da wasu masu hatimin Turawan Faransa. Sau da yawa magada kan juya su, su kasa karantawa, su mayar. Wani lokaci kuma sai a samu mai rabin sani ya karanta ba daidai ba, a gina magana a kan karatunsa, har 'yan'uwa su ɓata a kan gida ko a kan wane ne ɗan wane. Mun rubuta wannan bayani domin ɗalibai da limamai da duk wanda aka damƙa wa irin waɗannan takardu, ya san ta inda zai fara da inda ya kamata ya dakata.

Inda takardun suka fito

Kakannin mafi yawanmu fatake ne da malamai da mahauta da 'yan koli. Tsohuwar hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta ratsa ƙasar Bargu, ta Nikki da Paraku da Jugu, har zuwa Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete-Krachi da sauran zanguna. Bayan Faransa ta kafa mulkinta a Dahome a 1894, ciniki ya karkata zuwa bakin teku, jirgin ƙasa kuma ya haɗa Kwatano da Paraku a shekarun 1930. Saboda haka takardar da ke gidan Misebo tana iya zama an rubuta ta a Kano, an ƙara mata wani abu a Jugu, an buga mata hatimi a Porto-Novo. Mai karatu ya sa ran haɗuwa da harsuna uku: Larabci, Hausar ajami da Faransanci, wani lokaci a kan ganye ɗaya.

Irin takardun da abin da kowace ke bayarwa

Mafi amfani ga mai neman asali shi ne ƙarshen littafi. Idan marubuci ya gama kwafar Ahalari ko Ishmawi ko Risala, yakan sa kalmar «tammat», sannan ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da garinsu da ranar da ya gama. A bambance kalmomi biyu a nan: «katibuhu» shi ne wanda ya rubuta, «malikuhu» ko «sahibuhu» shi ne mai littafin. Ba lallai su zama mutum ɗaya ba, domin attajirai kan biya a rubuta musu.

Na biyu shi ne ganyen farko da na ƙarshe na Alƙur'ani, da gefen shafuka, inda magidanta kan rubuta haihuwa da rasuwa. Na uku wasiƙu. Tsohuwar wasiƙa tana da tsari sananne: bisimilla, salati, «daga wane zuwa ga wane», gaisuwa mai tsawo, sannan «amma ba'adu», sai ainihin saƙo. Alhaji Umaru Salaga, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya wallafa littafi guda a kan rubuta wasiƙa mai suna al-Sarha al-Wariƙa. Wanda ya san wannan tsari ba zai ɓata lokaci a kan layukan gaisuwa ba, zai nufi sunaye da abin da ya biyo bayan «amma ba'adu».

Na huɗu takardun bashi da ajiya da wasiyya da rabon gado, waɗanda ke ɗauke da sunayen shaidu. Na biyar ijaza ta karatu ko ta ɗariƙa. A kiyaye da wannan: jerin sunayen da ke cikin ijaza salsalar malamai ce, wane ya karɓa daga wane. Wanda ya ɗauke ta salsalar haihuwa zai mai da malamin kakansa kakansa.

Hannun rubutu da haruffa

Rubutun kakanninmu reshe ne na rubutun Magrib, yana tafiya da ƙira'ar Warshu. Masana sun fi ambaton salo biyu a yankinmu, Barnawi da Kanawi, dukkansu masu kaurin alƙalami. Yaran da suka tashi da bugun Hafsu na Madina ko Misira sukan yi tuntuɓe a wurare sanannu.

Fa a wannan rubutu ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigonsa ɗaya ne a bisa. Wanda ya saba da bugun gabas zai ga ƙaf ya ce fa ce, ya karanta Ƙasimu a matsayin «Fasimu». Zai kuma ga fa ya ce ba ce, Faruku ya koma «Baruku». A ƙarshen kalma kuwa, fa da ƙaf da nun sukan zo ba ɗigo ko kaɗan, sai siffarsu ta nuna su. Ya ta ƙarshe takan koma da jelarta baya, ta kwanta ƙarƙashin kalmar, har a ɗauke ta layin ja. Marubuta kuma sukan yanka kalma biyu idan layi ya ƙare, rabi a nan, rabi a farkon layi na gaba.

A ajamin Hausa an ba wasu haruffan Larabci sabon aiki. Harafin ث shi ne «c», don haka ثندو Cindo ne. Harafin ط, wanda muke kira ɗa mai hannu a makarantar allo, shi ne «ɗ», kuma shi ne «ts» idan an ɗora masa ɗigo uku, ko da yake wasu marubuta ba sa damuwa da ɗigon, sai ma'ana ta raba Ɗan da Tsoho. Harafin غ shi ne «g», ق shi ne «ƙ», ب kuma yana ɗaukar «b» da «ɓ» duka. Harafin ض, wato lodi, «l» ake furta shi, shi ya sa Murtada ya zama Murtala, Ramadan ya zama Ramalan, alƙadi ya zama alƙali. Sautin «z» yana iya zuwa da ز ko ذ ko ظ, har a takarda ɗaya daga hannu ɗaya.

Wasula su ne babbar matsala. Ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi, wanda aka aro daga imalar Warshu, shi ne «e». Rufu'a tana ɗaukar «u» da «o» duka. Idan marubuci na sauri ya bar wasula gaba ɗaya, غرب yana iya zama Garba, yana iya zama kalmar Larabci mai nufin yamma. Abin da ke gaba da bayansa ne zai yanke hukunci.

Akwai alamomi uku da za a riƙe. Idan an ga ƙaramin lanƙwasa a tsakiyar layi yana nuna gefe, to kalma ce ta faɗi, an rubuta ta a gefen shafi da صح a bayanta, kuma ta cikin nassi ce. Kalma ɗaya da ke maƙale a ƙasan shafi ta hagu ita ce kalmar farko ta ganye na gaba; da ita ake jera ganyayen da suka cakuɗe, tunda littattafanmu ba a ɗinke suke ba. Sai kuma بن, wadda takan ƙanƙance ta zama kamar ɗan ja. Wanda ya tsallake ta ya haɗe uba da ɗa ya mai da su mutum guda, salsala ta rasa tsani ɗaya.

Sunaye

Mutum ɗaya yana iya bayyana da suna uku. Malami ya rubuta Abubakar, maƙwabci ya rubuta Garba, ma'aikacin Faransa ya rubuta Boukari. Haka Umaru da Sanda da Imorou, Usmanu da Shehu da Soumanou, Yusufu da Maitama da Issifou, A'ishatu da Indo, Hauwa'u da Kulu, Fatsima da Binta. Al'adar alkunya ta ƙara yawan laƙabi, domin uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kuma wanda aka sa wa sunan kaka ana sakaya shi.

Laƙabi kansa shaida ne. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi aka haife su, Ɗanjuma da Jummai ranar Juma'a. Tanko ya zo bayan 'ya'ya mata, Kande ta zo bayan maza, Gambo ya bi tagwaye. Wanda ya ga Gambo a salsala ya nemi Hassan da Husaini ko Hassana da Usaina a gabansa, ko da sun rasu suna ƙanana. Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu har zuwa Ashiru suna nuna jerin 'ya'ya maza da aka sa wa Muhammadu.

Nisba tana nuna gari ko ƙabila: al-Kanawi, al-Kashinawi na Katsina, al-Zakzaki na Zazzau, al-Kabawi na Kabi, al-Gubiri, al-Barnawi, al-Nufawi, al-Fallati, al-Wangari. Sai dai nisba takan bi jika ko bai taɓa ganin garin ba, don haka tana nuna tushen gida, ba lallai wurin haihuwa ba. Garuruwa ma suna da tsoffin sunaye: Zugu ita ce Jugu, Salga ita ce Salaga, Ajashe ita ce Porto-Novo a bakin Yarbawa, Ikko ita ce Legas.

A yi hattara da kalmomin zumunta. «Ɗana» a wasiƙa yana iya nufin ɗan ciki, ko ɗan ɗan'uwa, ko ɗan riƙo, ko almajiri. «Yaron wane» a harshen fatake baransa ne mai yi masa ciniki. «Baba» yana ɗaukar wan uba da ƙanensa. Ba a kafa nasaba da kalma ɗaya irin wannan sai wata takarda ko dattijo masani ya ƙarfafa ta.

Shekaru, watanni da kuɗi

Malamai sukan rubuta shekara da haruffa, abin da ake kira ramzi. Kowane harafi yana da adadinsa, amma lissafin Magrib da muka gada ya saɓa wa na gabas a haruffa shida. A wurinmu ص 60 ne, ض 90, س 300, ظ 800, غ 900, ش 1000. A gabas kuwa س 60 ne, ص 90, ش 300, ض 800, ظ 900, غ 1000. Misali, idan aka ga شسمه a ƙarshen littafi, a lissafinmu 1000 da 300 da 40 da 5 ne, wato 1345 bayan Hijira. Wanda ya bi lissafin gabas zai samu 405, ya ɗauka yana riƙe da littafin da ya haura shekara dubu. Alama mai sauƙi ita ce, ramzin shekarun ƙarni na 13 yakan fara da شر, na ƙarni na 14 kuma da شس.

Don mayar da shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya, a raba ta da 33, a cire abin da aka samu daga gare ta, a ƙara 622. Ga 1345: rabawa ta ba da kimanin 41, cirewa ta bar 1304, ƙari ya kai 1926. Lallai kuwa shekarar 1345 ta fara a tsakiyar 1926 ta ƙare a tsakiyar 1927. Wannan lissafi kusantarwa ne, yana iya kaucewa da shekara ɗaya.

Watanni kan zo da sunayen Hausa: watan Cika-ciki shi ne Muharram, watan Gani ko Takutaha shi ne Rabi'ul Awwal, wanda a cikinsa ake bikin Gani a Nikki, watan Azumin Tsofaffi shi ne Rajab. Mafi yawan wasiƙu ba su da shekara sam. A nan sai a nemi abin da ya faru da aka ambata: basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, shigar Turawa Kano da Sakkwato a 1903, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar mura ta 1918.

Kuɗi ma yana nuna zamani. Lissafi da wuri ya girmi lissafi da tamma da dala: zambar dubu ce, keso wuri 20,000 ne, metan 200, arbaminya 400. Dala tamma biyar ce, kamar yadda har yau muke cewa dala ashirin muna nufin sefa 100. Kuɗin sefa kansa a watan Disamba 1945 aka ƙirƙiro shi, don haka takardar da ta ambace shi ba ta riga wannan lokaci ba.

Ita kanta takardar a ɗaga ta ga haske. Idan an ga hoton jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta, takardar Italiya ce irin wadda fatake suka riƙa kawowa ta Sahara, kuma kamfanin Galvani na Pordenone yana cikin mashahuran masu yin ta a ƙarni na 19 da farkon na 20. Takarda tana iya daɗewa a ajiye kafin a yi rubutu a kanta, don haka ita ce ke girmar rubutun. Rubutun biro kuwa daga shekarun 1950 ya fara yaɗuwa. Idan aka kawo «wasiyyar 1920» da biro, to kwafi ce a mafi kyawun zato, sai a nemi asalinta.

Takardun Faransanci

A nan ana samun takardar haihuwa ta hukuncin kotu da ake kira jugement supplétif, da izinin zama a fili wato permis d'habiter, da takardar cinikin fili, da rasit na haraji, da fasfo na aikin hajji. Kalmomi kaɗan ne ke buɗe mafi yawansu: «né vers» an haife shi wajejen shekara kaza, «fils de» ɗan wane, «fille de» 'yar wane, «feu» marigayi, «dit» wanda aka fi sani da. Shekarar da ta biyo bayan «né vers» kintace ce, sau da yawa da duban fuska aka yi ta, ko aka rage ta don yaro ya samu shiga makaranta.

Tsoffin magatakarda kan taƙaita watanni huɗu na ƙarshe da lamba: 7bre Satumba ce, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre Disamba. Wanda ya ɗauki 7bre wata na bakwai ya yi kuskuren wata biyu. Lambar 1 a hannun Faransa tana da dogon baki kamar 7, ita kuwa 7 tana da sanda a gicciye. A sunaye, «ou» shi ne «u», «dj» shi ne «j», «tch» shi ne «c», «ch» shi ne «sh». Magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji daga bakin tafinta, shi ya sa 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya kan fito da sunan iyali daban-daban, wani da sunan uba, wani da na kaka, wani da sarauta ko sana'a.

Tsarin aiki

A fara da ɗaukar hoton kowane ganye gaba da baya, da hasken rana, kafin a canja jerinsu. Sannan a zaɓi wurin da aka san abin da ke ciki, kamar bisimilla da salati, a ga yadda wannan marubuci yake yin kowane harafi a farko da tsakiya da ƙarshe, a zana su a takarda daban. Kowane hannu da ɗabi'arsa, kuma layi biyu da aka sani su ne mabuɗin layi ashirin da ba a sani ba.

A kwafe rubutun yadda yake, layi bisa layi, ba gyara. Inda aka kasa a bar fili, inda ake shakka a sa alama. A karanta da murya, domin ajami yakan fito a kunne kafin ya fito a ido, musamman idan Hausar Sakkwato ce ko ta Gobir. Kalmar da ta tsufa a neme ta a ƙamus na Bargery na 1934. Daga nan a kai wa mutum na biyu ya karanta ba tare da an gaya masa abin da ake fata ba. Alarammomin da suka rubuta Alƙur'ani da ka sun fi kowa ido a wannan hannu, ko da Larabcinsu bai kai na masu digiri ba. A ƙarshe a zauna da tsofaffin gida, musamman mata, domin su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya shayar da wa, abin da takarda ba ta cika faɗa ba.

Matsayin takarda da amanar mai karatu

Sanin nasaba yana da amfani a addini saboda sada zumunci da gado da sanin muharramai. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta nuna cewa hikimar rarrabuwar kabilu ita ce sanin juna, fifiko kuwa da taƙawa yake. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umarci a jingina kowa ga mahaifinsa, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya danganta kansa ga wanin ubansa yana sane. Wannan ya shafi mai karatu kai tsaye. Kada son zama sharifi ko jinin sarauta ya sa a ga harafin da babu shi.

Malaman Malikiyya sun yi magana a kan shaida bisa rubutun hannu, sun karɓe ta da sharuɗɗa, daga ciki a samu adilai da suka san hannun marubucin ba tare da shakka ba, takardar kuma ta kuɓuta daga kankara da ƙari. Ma'ana, tsufan takarda kaɗai bai mai da ita hujja ba. Idan maganar gado ce ko fili, dokar ƙasa ma tana da nata sharuɗɗa, sai a haɗa da masana.

Wani lokaci takarda kan tona abin da aka rufe: bashin da ba a biya ba, saki, ɗan da aka haifa a wani zango, ko takardar fansa da ke nuna kakan wani gida bawa ne da aka 'yanta. Abin da ya rataya da hakkin wani, kamar bashi ko magajin da aka manta, wajibi ne a isar da shi ga masu shi cikin hikima. Abin da ba shi da amfani sai gori, mai karatu ya bar shi a cikinsa.

Adanawa da neman taimako

Raɓar teku da ambaliya irin ta 2010 da gara da gobara su ne abokan gabar takarda a Kwatano. A ɗora gafaka a wuri mai tsayi mai iska, nesa da bango mai jiƙewa. Kada a rufe ganye da roba mai zafi, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada a bi rubutun da ya dushe da biro. A rarraba hotunan ga 'yan'uwa a garuruwa daban-daban, da suna da lamba a kan kowanne.

Wanda bincikensa ya wuce gida, takardun zamanin mulkin Faransa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Porto-Novo, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Rubutun Larabci da ajami kuwa akwai tarinsu a Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon, inda rubuce-rubucen malaman zanguna suke da yawa. Jami'ar Boston ta Amurka ta sa hotunan ajami masu yawa a intanet, ɗalibi na iya gwada idonsa da su.

Shawararmu ga kwamitocin masallatai ita ce kowane masallaci ya ware rana ɗaya a wata, a haɗa alaramma ɗaya da mai Larabci ɗaya da mai Faransanci ɗaya, iyalai su kawo takardunsu a karanta musu a asirce, su koma da abinsu. A sa ɗalibai biyu ko uku su zauna kusa suna koyo, tun masu wannan ido suna raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Allah ne Mafi sani.